Shekara tara ina zuwa kudu ban ga kudu ba

Tun ina saurayi nake bin kawuna saro goro a Shagamu. Mota ta sauke mu a Sabo, unguwar Hausawa, mu kwana a Sabo, mu ci tuwo a Sabo, a ɗaure huhuna mu juyo Kano. Da za ka tambaye ni a lokacin, cewa zan yi na san ƙasar Yarbawa kamar yunwar cikina. Wani abokin cinikinmu Bayarabe ne ya ba ni kunya, ya ce, "Malam, shekara nawa kana zuwa, ka taɓa hawa dutsen Olumo?" Ko sunan ban taɓa ji ba. Washegari na roƙi Kawu ya ɗaga mini ƙafa, na hau motar Abeokuta, garin da dutsen yake.

Sunan garin ma daga dutsen ya samo asali, ma'anarsa "ƙarƙashin dutse". Wajen 1830 mutanen Egba, wani reshe na Yarbawa, suka fake a kogunansa suna gudun yaƙi, gari ya tashi a gindinsa. Na ƙi shiga na'urar hawa, na bi matakala da lungunan dutse, abin da gwiwoyina suka yi kwana biyu suna tuna mini. Daga can sama kana hango kogin Ogun da jajayen rufin kwano har iyakar ganinka.

Amma kasuwar Itoku ce ta riƙe ni, inda ake sayar da adire, rinannen yadin Yarbawa. Ni da na tashi kusa da marinar Ƙofar Mata, na ɗauka babu abin da za a koya mini a kan rini. Shuɗin dai iri ɗaya ne, warin ma haka. Bambancin shi ne a wajenmu maza ne a bakin karofi, a can kuwa sana'ar mata ce, uwa ta bar wa 'ya. Akwai wanda ake ƙullewa da zaren kaba kafin a tsoma, akwai kuma wanda suke kira eleko: a dama kullun rogo, a zana shi a jikin farin yadi, inda kullun ya taɓa rini ba ya kamawa. Na yi gaggawa a rumfar farko na sayi turmi mai arha, ina ta murna. Wata dattijuwa ta karɓa ta juya bayansa ta yi dariya: bugun inji ne. Ta nuna mini yadda na hannu yake, rini ya ratsa ciki da bai, zanen kuma ba ya taɓa zama daidai wa daida. Abin da ya sa ta kula ni, ina jin, gaisuwa ce. Na rusuna na ce "E karo, Mama", da karyayyen Yarbancina. Bayarabe ba ya wasa da gaisuwa, kamar mu.

Ibadan sai da na koma sau uku kafin ta shiga raina. Garin ya bazu ba tsari, ga cunkoso. Na sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, amma wannan karon da sassafe nake ficewa. Na hau hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, na je Mapo Hall, babban ɗakin taron garin, na tsaya a gindin Cocoa House, benen da aka gina da kuɗin koko aka buɗe a 1965, sai na tuna dalar gyaɗarmu da babu ko ɗaya yanzu. A gindin Mapo wani tsoho ya warware mini sarautar Olubadan, wato sarkin Ibadan: ba gadon gida ɗaya ba ce, layi biyu ne, na farar hula da na mayaƙa, mutum ya yi ta hawa mataki sama da ashirin har ya kai. Shi ya sa sarkinsu yawanci sai ya tsufa yake hawa. Amala kuwa da miyar wake da ayoyo, wadda suke kira abula, na daɗe ina raina ta saboda baƙinta. Ashe ban ci ta a inda aka iya ba ne.

Birnin Benin ya bambanta da su duka. A titin Igun maƙeran tagulla suke, sana'ar gado. Na zauna wajen awa biyu ina kallo: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya zube, a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Kowane yumɓu sau ɗaya yake aiki. Irin waɗannan kayan ne sojojin Ingila suka kwashe daga fada a 1897, suka kori sarkin, Oba Ovonramwen, zuwa Kalaba. A nan na ɗaga waya zan ɗauki hoto ba tare da izini ba, aka daka mini tsawa, kuma gaskiyarsu.

Kalaba kwana biyu kawai na yi, a damina, ruwa bai bar ni na ga komai ba sai tsohon gidan Razdan da aka mayar gidan tarihi. A Bogobiri na ci abinci, wajen 'yan'uwa, don a can sai ka tambayi irin naman da ke cikin miya, ba kamar Ibadan da Abeokuta da masallaci ke kowane lungu ba. Na ce sai Disamba in Allah ya kai mu, lokacin bikinsu.

Turmin bugun injin nan yana nan, matata ta ɗinka labulen kicin da shi.