Godiya ga malamar ajin 'yata da masu taimaka mata

Assalamu alaikum. Tun makon jiya nake son rubuta wannan, sai yau Allah ya nufa.

'Yata mai shekara 5 ta dawo daga makaranta da hannu a baya, ta ce in rufe ido. Da na buɗe sai ga kati na kwali an ninka shi biyu. A bangonsa tafin hannunta ne, an shafa masa jan fenti an danna, yatsun nan biyar suka zama fure, ta ja masa kara da ganye. A ciki ta rubuta: "Mama ina son ki don kina ɗaura min takalmi." Sai dai "d" ɗin "don" ya juya baya ya koma "b", layin kuma ya karkace yana gangarowa.

Malama, a kan wannan harafin nake fara gode miki. Kin gan shi, jan biro na hannunki, amma kika bar mata abinta. Da kin gyara, da rubutunki zan ajiye, ba nata ba. Na san za ki koya mata bambancin b da d a darasi, yara masu shekarunta sukan juya su kafin hannu ya saba. Ta ce ɗaya bayan ɗaya kika zauna da su kina tambayar me suke so game da iyayensu, kika rubuta wa kowa amsarsa ya kwafa. Shi ya sa nawa ya zo da maganar takalmi, abin da ban taɓa zaton tana lura da shi ba.

Ta kuma faɗa min cewa ƙawarta da mahaifiyarta ta rasu kakarta ta yi wa kati, domin tun farko cewa kika yi kowa ya yi wa wadda ke kula da shi. Da na ji haka sai da na yi hawaye. Allah ya jiƙan mahaifiyar yarinyar nan, ke kuma ya saka miki da alheri.

Ina gode wa mataimakiyarki da ta riƙe ƙananan hannuwa a kan almakashi, da masu shara da suka kankare gam da fenti a tebura, da iyayen da suka aiko da kwalaye, zare da maɓallai. Allah ya raya mana yaran nan, ya albarkaci naku.

Na rubuta kwanan wata a bayan katin, na sa shi cikin jakar da takardar haihuwarta take.