Yadda nake auna kaina a matsayin mai duba ɗaliban bincike

Yawan ɗaliban da suka kammala digiri a hannunka ba ya nuna gwanintarka. Wasu ƙoƙarinsu ya fitar da su, kai hannu kawai ka sa. Shi ya sa a ƙarshen kowane zango nake duba wasu abubuwan daban.

Mafi sauƙi shi ne rajista. Duk babin kundin binciken da aka kawo mini, ina rubuta ranar da ya shigo da ranar da na mayar. In ya haura kwana 14 a teburina, jinkirin nawa ne.

Babban awon kuwa a ɗakin gwaji yake. Nakan tsaya gefe, hannuwana a aljihu. A ce ɗaliba ta ɗebo ruwa daga madatsar Ajiwa da ke Jihar Katsina, za ta ƙidaya ƙwayoyin bakteriya. Ba na tambayar ta zafin tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, don kowa ya haddace digiri 121 na minti 15. Sai in ce: a cikin farantan da ake renon bakteriya a kansu, me ya sa farantin da tsironsa (wato ɗigon gungun bakteriya) ke tsakanin 30 da 300 kaɗai ake ƙidayawa? In an ɗauke wuta cikin dare, na'urar ɗumin da ake renon bakteriya a ciki ta sauko daga digiri 37, a ajiye farantan ko a sake? Farantin da ba a zuba wa samfuri ba ya yi tsiro, ina aka yi kuskure? In amsarta ita ce "Ai haka kuka ce a yi, Malam," to bin umarni na koya mata, kuma gyaran daga kaina zai fara.

Tambayar ɗalibai kai tsaye ɓata lokaci ne. Ɗan Katsina ba zai dubi idon malaminsa ya ce ya gaza ba. "Lafiya lau, Malam, Allah ya ƙara girma" za ka ji. Abokin aiki daga wani sashe nake sawa ya karɓi amsoshin tambayoyin da na rubuta wa ɗalibai, babu suna, bugun kwamfuta (ai na san rubutun kowa), kuma sai bayan an miƙa maki. Tambayoyin masu ƙashi ne: sau nawa ka zo ofis ka tarar da shi a kulle? Wane gyara ne ba ka gane ba, ka ji nauyin tambaya?

Wanda ya daina zuwa kuwa, shi nake fara kira a waya, in tambaye shi a wane babi ya tsaya, sannan in buɗe rajistar in ga kwana nawa babin ya yi a wurina.