Saka sifikun baya a Peugeot 504 ba tare da yanka ƙarfen motar ba

Wanda ya mallaki Peugeot 504 mai lafiyayyen bodi a yau, abin da ke hannunsa ba ya sayuwa a shago. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ya buɗe a Kaduna a 1975 ya shafe shekaru kusan talatin yana harhaɗa ta, amma haya da hanyoyin karkara sun cinye yawancinsu. Sifika kuwa kullum tana nan jibge a kasuwa. Shi ya sa da na tashi saka sauti a bayan wata salun, sharaɗin da na fara gindaya wa kaina shi ne zarto ba zai taɓa ƙarfen motar ba. Duk yankan da za a yi, a jikin katako za a yi shi.

Na ɗaga mazaunin kujerar baya, na cire majinginarta, na zare kwalin da ke rufe kantar nan ta ƙarƙashin gilashin baya. Sai ga ramuka biyu masu faɗin santimita 13 da wani ya taɓa yankawa, bakinsu duk ya ci tsatsa. Haka za ka tarar a yawancin tsofaffin motocinmu, ba kasafai ake samun wadda hannu bai riga ya shiga ba. Na goge tsatsar da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, na shafa fentin hana tsatsa sau biyu. Waɗannan ramukan su suka yanke mini girman sifikar da zan saya.

Mutane sun fi son mai siffar ƙwai ɗin nan, 6x9, don ta fi kaurin murya, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai tana neman rami mai kusan santimita 15 a faɗi da 22 a tsawo, zurfinta kuma ya kan kai 7 zuwa 8. Kantar baya ba ado ba ce, tana cikin ƙarfen da ke ɗaure gefen motar biyu. In aka zabge mata manyan ramuka biyu ta yi laushi, kuma ƙarfe mai laushi shi ne ke kaɗawa yana zirrr da zarar ganga ta buga. Na ɗauki zagayayya mai inci 6.5, wadda raminta bai wuce santimita 14 ba, zurfinta 5.5, maganaɗisunta kuma mai faɗin santimita 8, yana shigewa cikin tsohon ramin ba tare da ya taɓa komai ba.

Kafin a biya kuɗi, a shiga cikin but da tocila da ma'auni, wani ya sauke murfin a hankali, a ga abin da ke motsi a ƙarƙashin kantar. Hannun murfin but da abin da ke riƙe shi suna shiga wurin da ido ke ganin fili ne in murfin yana buɗe. Mai Mercedes W123 ya ƙara lura, domin tankin manta a tsaye yake bayan kujerar baya, injin huda ya zarce kaɗan an shiga wata maganar.

Wajen zaɓe, lambar wat da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ba ta dame ni ba. Abu uku na duba. Na farko ta kasance mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta), abin da rediyon mota ke so ke nan. Na biyu lambar dB, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wuta kaɗan: 90 ko sama da haka ya dace da wanda zai tuƙa ta da rediyo kawai, domin bambancin dB 3 daidai yake da ninka ƙarfin wuta sau biyu. Na uku, kuma shi ne wanda ake yawan mantawa, abin da aka yi fatarta da shi. Ƙarƙashin gilashin baya na cikin wuraren da suka fi zafi a mota, rana na dukan wurin kai tsaye. Fatar takarda mai bakin soso tana bushewa, soson ya marmashe kamar gari. Wadda fatarta roba ce, bakinta ma roba, ita ke jure rana da ƙurar hunturu.

Yanzu ga inda aikin yake, wato allon katako. Fatar sifika in ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana jan iska ta baya. In akwai hanyar da iskar gaba za ta zagaya ta haɗu da ta baya, sai su kashe juna, kuma sautin ƙasa mai kauri shi ke fara mutuwa. Sifikar da aka ɗora a kan kwali kawai kamar fatar ganga ce da ba a ɗaure ta a kan icenta ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai sayi sifika mai tsada ya ji tana kuka siriri, ya ce an cuce shi, alhali iska ce ke yoyo ta gefe. In aka toshe ko'ina, but ɗin gaba ɗaya ya zama akwatin sifikar.

Na shimfiɗa tsohon kwalin a kan filawud mai kaurin milimita 12, na zana, kafinta ya yanka. Aka yanko zobba biyu daga mai kaurin milimita 18, aka liƙa su da gam a kan allon daidai saitin ramukan, aka ƙara da sukurori. Allo da zobe sun ɗaga sifikar milimita 30 daga ƙarfe, saura kusan 25 na maganaɗisu ya leƙa ta ramin. Filawud na zaɓa a kan katakon garin nan da ake matsewa, saboda robar gilashin tsohuwar mota ba ta rasa yoyo da damina, shi kuwa wancan da ya sha ruwa sai ya kumbura ya saki sukurori. Na shafe allon da banish ciki da waje har bakin yankan. Tsakanin allo da ƙarfe na zagaya kowane rami da soso mai gam a baya, irin wanda ba ya shan ruwa, kauri milimita 5, na sa wani siririn a ƙarƙashin bakin sifikar. Sauran ƙananan ramukan kantar na toshe su da tabarmar kwalta mai liƙewa, wadda kuma ke rage kaɗawar ƙarfe. Allon ya ɗauru da kusoshi masu noti guda shida, masu milimita 6, ta ramukan da na tarar a wurin, kowace da babbar washa a ƙasa da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Sukurun da ke cin ƙarfe da kansa ba ya daɗewa a siririn ƙarfe, gargadar hanya tana sassauta shi.

Sama na rufe da yadi mai launin kujerun. In za a huda ko a ɗaura wani abu kusa da gilashi, a jingina kwali mai kauri a jikinsa tukuna. Sukudireba ɗaya ta zame, neman gilashin bayan 504 ya zama aiki.

Kafin na taɓa waya, na cire kan batir mai alamar −. Na sayi mita 12 na wayar sifika mai kaurin murabba'in milimita 1.5, tagulla zalla. Akwai wadda aluminiyam ce aka yi wa wankan tagulla, ta fi arha, ta fi sauƙi a hannu, in ka kankare silinta da wuƙa za ka ga fari. Tana karyewa a wurin haɗi. Kowace sifika ta ci kusan mita 5, daga bayan rediyo, ta ƙarƙashin kafet a gefen dokin ƙofa, ta ƙarƙashin kujerar baya, ta hau kanta. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe na sa zoben roba, na kuma kauce wa layin da kujerar gaba ke zamewa a kai. Haɗi kuwa da dalma na yi, na rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin tef yana aiki ranar farko, amma gam ɗin tef yana narkewa a zafin mota.

Akwai abu ɗaya da ke ƙona sabon rediyo a tsohuwar mota, masu riwaya da suka san aiki duk sun san shi. Tsofaffin rediyoyi da yawa waya ɗaya suke kai wa sifika, ɗaya ƙafar a jona ta da bodi, ko sifiku biyu su yi tarayya a waya guda ta dawowa. Rediyon zamani ba haka yake ba, ƙafafun sifika biyun duk suna ɗauke da wuta. Ɗaya ta taɓa bodi, ko aka haɗa − ta hagu da − ta dama, rediyon zai ɗauke sauti ko abin da ke ƙara ƙarfi a cikinsa ya ƙone. Don haka ban yi amfani da tsohuwar wayar sifika ko ɗaya ba. Da na gama ja, na auna kowace waya da mitar gwajin wuta tsakaninta da bodi, na tabbatar ba su haɗu ba, tsakanin ƙafafun biyu kuma mita ta nuna kusan om 4 ko ƙasa da haka kaɗan. Haka nan kada a jera sifiku biyu masu om 4 a kan layi ɗaya kai da kai, sun koma om 2 ke nan, rediyo zai yi ta zafi.

Launukan wayoyin yawancin rediyon zamani iri ɗaya ne. Rawaya wuta ce ta dindindin daga batir, ja wutar makulli, baƙa ta bodi, shuɗiya mai ratsin fari ta tada amfilifaya. Fara ta gaba hagu, ruwan toka ta gaba dama, koriya ta baya hagu, shunayya (purple) ta baya dama. Mai ratsin baƙi a kowane launi ita ce −. Rawayar ban ɗauko ta daga tsohon akwatin fis ba, na ja sabuwa mai kaurin 2.5 daga batir, da fis mai amfiya 15 a tazarar da ba ta wuce santimita 30 daga kan batir ba. Fis ɗin wayar yake karewa, shi ya sa dole ya zauna kusa da batir. Jar kuma na bi da ita ta wani ƙaramin makunni da na ɓoye ƙarƙashin dashbod. Dalili shi ne motar mai kwantak ce, in aka bar makulli a kunne inji ba ya aiki don a saurari rediyo, kwayil na iya zafi, kwantak ya ƙone. Baƙar na ɗaure ta a ƙarfen da na kankare fentinsa, gajera, da noti. 504 mai volt 12 ce, − a bodi, amma mai tsohuwar motar Ingila ta kafin ƙarshen shekarun 1960 ya duba, da yawansu + ne a bodi, Volkswagen ƙwaro ta kafin 1967 kuma yawanci volt 6 ce.

Sai gwajin ƙafafu. Na ɗauki batirin tocila mai volt 1.5, na taɓa wayoyin kowace sifika daga can wajen rediyo na ɗan lokaci, wani yana kallo. In fata ta yunƙuro waje, wayar da ke kan + na batirin ita ce +. Biyun dole su yunƙura gefe guda. In ɗaya ta juye ba abin da zai ƙone, sai dai kaurin sautin ya ɓace. Hanyar ganewa da kunne: karkatar da sauti gefe ɗaya, in ganga ta fi kauri da sifika ɗaya a kan biyu, to an juya ƙafa.

Da inji ya tashi, hayaniya iri biyu ake ji, kuma maganinsu daban. Siririn fito da ke hawa da sauka tare da totur daga altaneta yake. A fara gyara wayar bodi ta rediyo da wadda ta haɗa inji da bodi, yawanci a nan matsalar take. In bai tafi ba a sa kwandensa mai 2.2 µF a bayan altaneta. Ƙas-ƙas mai bin bugun inji kuwa, wanda ya fi fitowa a gajeren zango da matsakaici, daga fulogi ne da kwayil. Maganinsa wayoyin fulogi masu rage hayaniya da kwandensa a ƙafar + ta kwayil. Ba a sa ta a ƙafar da ke zuwa kwantak, tana raunana tartsatsi. A wannan motar ƙas-ƙas ɗin na samu, canza wayoyin fulogi ya kawar da shi. Na kuma auna caji a kan batir inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin volt 13.8 da 14.4.

Ban sa amfilifaya ba, kuma ban ga buƙatarta ba. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa tsaftatacce bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowane layi ba, amma da allo mai kyau wannan ya cika cikin 504. Wanda ya nace sai ya sa, ya fara karanta amfiya nawa altanetarsa ke bayarwa, don mai layi huɗu na iya jan amfiya 25 ko fiye in an ƙure, ga fitilu ga fanka. Zai buƙaci waya mai kaurin 10 da nata fis ɗin kusa da batir, ya bi da ita ta gefe ɗaya na motar, wayar sigina ta ɗaya gefen.

Wajen saiti na mayar da komai tsakiya, na kashe maɓallin ƙara kauri, na ɗaga ƙara har inda murya ta fara tsagewa, na koma baya kaɗan, na riƙe wannan lambar a matsayin iyaka. Tsagewar nan ita ke kashe ƙaramar sifikar siririn sauti da ke tsakiyar babbar, ko da rediyon ƙarami ne. Sannan na karkatar da sauti gaba da taki biyu, saboda kan wanda ke zaune a baya bai fi taƙi biyu daga sifikun ba, abin da direba ke ji daidai shi a kunnensa yake. Bayan motar ta ɗan sha hanya na sake shiga but da sifana mai lamba 10 na ƙara ɗaure notocin, domin soso yana kwanciya, allon ya ɗan saki.