Put off ta ci mana naira 18,000

Sati uku ke nan ban ce muku komai ba a kan littafin nan nawa na aikatau masu jela na Turanci (phrasal verbs, wato aikatau da wata 'yar kalma irin up ko off ke biye da shi), kuma kunya ce ta hana ni. Tsarin da na ɗauka tun bayan Sallah shi ne guda ɗaya a mako: in tattaro ma'anoninsa, in nemo 'yan'uwansa, in ƙirƙiro jimla goma. Give up da get over sun wuce lafiya lau. Da na iso kan put off sai na ce ai wannan tsohon sani ne, tun muna firamare malami ke cewa "put off the fan", na tsallake shi na ci gaba.

To ga yadda ya rama. Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiyarmu ta masu shaguna, mun gayyato wata baiwar Allah daga Ibadan ta koya mana riƙe lissafi. Aka yi mana rasuwa, shugaba ya ce a ɗage zuwa Asabar ta sama, in sanar da ita. Ba ta jin Hausa. Na zauna da waya a hannu, put off ya zo min a rai, na ce a'a, wannan ai kashewa ne, ba zan rubuta wa baƙuwa cewa an kashe taro ba. Sai na tuna call off da nake ji a labarai, na rubuta mata "the meeting has been called off", ban ma sa sabuwar rana ba don ina jiran a tabbatar. Ta amsa da ta'aziyya da godiya. Ranar Asabar muka kafa rumfa, muka jera kujeru arba'in, ga lemo a cikin ƙanƙara, baƙuwa shiru. Da na kira ta, tana can wani aikin, ta ce ai ni na gaya mata an fasa. Shugaba ya dube ni ya ce, "Malam sakatare, wai me ka rubuta mata ne?" Kuɗin haya da lemo naira 18,000, rabi daga aljihuna ya fita.

Abin da ya fi ba ni haushi, a Hausa ko yaro ba ya haɗa ɗagewa da fasawa. Put off ɗagewa ne, abin yana nan, rana ce ta matsa. Call off fasawa ne ko sokewa, shi ya sa ake amfani da shi in an janye yajin aiki. Misalin da na rubuta da jan biro don kada in sake mantawa: zaɓen shugaban ƙasa na 2019 an ɗage shi daga 16 ga Fabrairu zuwa 23, wannan put off ne. Gasar Olamfik ta Tokiyo ma ɗage ta aka yi daga 2020 zuwa 2021, amma Olamfik ta 1940 da ta 1944 yaƙi ya sa aka soke su ɗungurungum, su ne called off. Shi kuwa "put off the fan" na malaminmu, Turancinmu ne na gida, kowa a nan zai gane ka, amma Bature turn off ko switch off zai ce, in kuma kyandir ne ko gobara ya ce put out. Mu kalma ɗaya ce, kashe, ta ɗauke duka.

'Yan'uwan kalmar su suka cinye min sati na biyu, don ƙamus yana jero su kamar duk abu ɗaya ne. Postpone shi ne mafi kusa, sai dai ya fi sanya babbar riga, na wasiƙa da sanarwa ne. Na ji daɗi da na ga asalinsa Latin ne mai nufin ajiyewa a baya, wato kusan put off ɗin ne a wani harshe. Delay jinkiri ne, galibi ba da son ranka ba, kamar jirgi ya makara. Adjourn na zaman da aka riga aka fara ne, kotu ko majalisa. Defer na fi ganinsa wajen ɗage karatu ko biyan kuɗi. Amma in jan ƙafa kake yi da abin da ba ka so, irin zuwa wurin likitan haƙori, put off ya fi zama daram, kuma aikatau ɗin da ke biye da shi sai ya ɗauki ing: "I put off going", ba "to go" ba. Sau huɗu na rubuta "to go" a jimlolina goma.

Sai wurin zaman it. "Put it off" ake cewa, "put off it" ba ta ɗagewa ba ce. Ashe 'yar kibiyar nan mai kai biyu da ke cikin ƙamus ɗin Oxford na masu koyo abin da take nufi ke nan, ana iya raba kalmomin biyu a cusa abu a tsakiya. Shekara nawa ina ganinta, na ɗauka ado ne.

Jiya dai na samu sa'ida. Wani da muke bi bashi kullum sai ya ce a dawo gobe, abokin cinikina Ibo ya tambaye ni ina aka kwana, na ji bakina ya ce "he keeps putting me off" ba tare da na tsaya fassara a kai ba. Har sai da na yi murmushi ni kaɗai a shago.

Wadda har yanzu ba ta zauna ba ita ce ma'ana ta uku, abu ya fitar maka da wani abu daga rai, kamar warin kwata ya hana ka cin abinci, "it put me off my food". A nan off ɗin yana riƙe da abincin ne, kuma jimlolina biyar na wannan duk ban yarda da su ba. Baƙuwar ta yarda za ta zo ƙarshen wata. Wannan karon na rubuta postponed, na sa rana da lokaci, na kuma ba ƙanwata ta karanta kafin in tura.