Ziyarar gonar koyarwa: a je da rani, a tafi da awo

Yawancin ƙungiyoyin manoma na Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, sai watan Agusta suke kai ziyara gonar koyarwa, lokacin da dawa ta yi shar. A ganina an makara. Aikin da ya haifar da wannan yabanya tun Maris da Afrilu aka yi shi, ƙasa na ƙuna. Mai son ya koyi abin da zai ciyar da gidansa, da rani zai je, ya riƙe igiyar awo da ɗan littafi.

Abu na farko da za a nema shi ne ramin da ake kira zai, wato ƙaramin ramin shuka mai tara ruwa da taki, dabarar da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da ita. Don fako aka yi ta, wato ƙasar da Fulanin nan ke kira harde, wadda ruwa ke gudu a kanta kamar kan daɓe. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar 80. Ba a jera ramukan saitin juna, na layin baya yana faɗawa ne a tsakanin biyu na gaba, don ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya ya faɗa wani. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gangare, ta zama madatsa. Idan aka zuba ta ta sama, an toshe wa ramin bakinsa ke nan.

A kowane rami a sa ruɓaɓɓen taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a yayyafa ƙasa kaɗan don kada iska ta kwashe shi. Gara za ta biyo takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya bi hanyoyinta ya nutse. A tsuguna a tona rami ɗaya da yatsa: idan an ga ƙananan hudoji da ƙasa mai laushi a gindi, aiki ya yi.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona tsiro, ya kuma kawo irin ciyawa. A jigawa ramin rushewa yake yi da ruwan farko. A karal, laka mai riƙe ruwa inda ake dasa masakwa, ramin zai zama tafki, saiwa ta ruɓe. Sannan aikin akwai nauyi, hekta ɗaya tana cin rami sama da 10,000, don haka a fara da kwatar gona. Lallai a tambayi mai gonar mutum nawa suka haƙa, kwana nawa, kuma daga ina takin ya fito. Gonar da ke sayo taki da mota ba ta koya wa mai awaki huɗu komai ba.

A ɗaga kai a dubi itatuwa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tsare wa shuka rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yan da dabbobi ke ci da rani. Ba sai an dasa ba: kututturen da ya toho, a zaɓi rassa mafi ƙarfi biyu zuwa biyar, a sassabe sauran, a tsare su daga awaki da wuta. Da wannan mutanen Maradi suka dawo da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Kafin a fita a nemi rumbu, domin yunwa ba a gona kaɗai take shiga ba. Buhun PICS mai ruɓi uku ya samo asali ne daga binciken da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi tare da masanan cibiyar binciken noma ta Marwa kan ajiyar wake. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, babu magani ko ɗigo. Ƙwaron ne ke shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Sai dai wake ya bushe ƙayau tukuna. A zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a girgiza, in gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar shanya. A hura kowace leda a duba huda, a matse iska, a murɗe baki a ɗaure kowane ruɓi daban. A ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada uwargida ta riƙa buɗewa tana ɗiban na miya. Na ci yau da gobe a ware shi a wani mazubi tun ranar ɗauri.