Lissafin awoyin aiki a tashar nukiliya, da abin da jadawali ba ya nunawa

A tashar nukiliyar da nake aiki a Amurka, ni ke tsara jadawalin duti na sashen gyare-gyare, kuma sai na sa hannu ake ba ma'aikaci obataim. Mai kallo daga waje zai ɗauka aikin takarda ne kawai. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin kowane famfo da kowane bawul hannun mutum ne ke ɗaure shi, kuma hannun da mai shi bai yi barci ba ba abin dogaro ba ne.

Dokar da muke bi ta hukumar NRC ce, mai sa ido kan tashoshin nukiliya a ƙasar. Dokar ta fito a 2008, aka fara aiki da ita a 2009. Kada mutum ya wuce awa 16 cikin awa 24, ko awa 26 cikin awa 48, ko awa 72 cikin kwana 7. Tsakanin duti da duti sai ya huta awa 10, sannan cikin kowane kwana 9 sai ya samu hutun awa 34 a jere. A 2011 aka ƙara wani zaɓi, wanda ya yarda tasha ta riƙe matsakaicin awa 54 a mako idan aka haɗa makonni 6. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne lissafin ba ya jiran Litinin. Duk awar da za ka ƙara wa mutum, sai ka waiwaya baya ka ƙirga daga nan. Awa biyun da aka roƙe shi ya tsaya ranar Laraba su ne za su hana shi shigowa ranar Lahadi, lokacin da aka fi bukatarsa.

Ba haka kawai aka kafa waɗannan iyakoki ba. A 1987 NRC ta rufe tashar Peach Bottom da ke jihar Pennsylvania bayan an gano masu kula da ɗakin sarrafawa suna barci a bakin aiki. Hatsarin tashar nukiliyar Three Mile Island na 1979 ya soma ne da ƙarfe 4 na asuba, na tashar Chernobyl a 1986 kuma da ƙarfe 1:23 na dare. Dalilansu suna da yawa, amma duk wanda ya yi dutin dare ya san yadda kai ke nauyi a wannan tsakani.

Inda aikin ke tsanani shi ne lokacin da aka kashe tukunyar nukiliya, wato inda makamashi ke samar da zafin da ake yin lantarki da shi, don sauya makamashin, abin da ake yi duk wata 18 ko 24. Tasha takan cika da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma kowace rana da ba a sayar da lantarki ba asara ce babba. A kwana 60 na farko doka ta sassauta ranakun hutu, ma'aikacin gyara zai iya yin kwana shida yana hutawa ɗaya. Awa 12 sau shida ya ba da 72 cif, kwamfuta ta nuna kore, babu wanda ya saɓa doka. Makon farko kowa garau. Sai an shiga na uku da na huɗu za ka ga abin da allon ba ya gani. Na tsaya kusa da wani ƙwararren makaniki, mutumin da ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba, yana bin takardar umarni da yatsa. Ya karanta layi ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi lambar da ke rataye a jikin bawul, ya koma ya sake karanta layin nan dai, sannan ya sake duban lambar. Da abokin aikinsa ya faɗa masa lambar don ya maimaita, kamar yadda ƙa'idarmu ta tanada, sai ya juya lambobi biyu na ƙarshe. Abokin ya gyara masa, aiki ya tafi daidai. Amma a takarda wannan bawan Allah yana da sauran awoyi.

Daga nan na daina kallon 72 a matsayin abin da ake cikawa. Lissafin bai haɗa da tuƙi zuwa gida ba, bai haɗa da 'yan mintocin miƙa duti ba, balle jaririn da ya hana mutum runtsawa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ba barci, kuzarinsa yakan yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Iyakar barasa a tashoshinmu kuwa 0.04 ce. Ke nan mutumin da za mu tsayar a ƙofa da a ce sha ya yi, muna iya barinsa ya shiga idan gajiya ce.

Doka ta ba kowa damar ya ce ya gaji, kuma ba a hukunta shi a kan haka. Sai dai kaɗan ne ke faɗa. Obataim kuɗi ne, albashin awa ɗaya da rabi kan duk abin da ya haura awa 40 a mako, kuma akwai masu jiran wannan lokaci don su biya bashin gida. Ga kuma kunya, ba mai son a ce shi ne rago. Idan ka tambayi mutum ko ya gaji, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau nake, oga." Shi ya sa na sauya tambayar. Nakan ce, "Jiya ƙarfe nawa ka isa gida, ƙarfe nawa ka kwanta?" Wannan ba a cika ɓoye ta ba. Na kuma daina miƙa ƙarin awoyi ga masu saurin ɗaga hannu, domin kusan kullum mutane ƙalilan ne, kuma su ne suka fi kowa gajiya. Ayyukan da kuskure a cikinsu ke da tsada nakan ja su zuwa farkon duti, a bar gefen asuba ga share fage da haɗa kayan aiki.

Sai maganar takardar sassauci, wadda ke ba da izinin ƙetare iyaka. Doka ta yarda da ita ne kawai idan akwai abin da ke barazana ga lafiyar tasha ko tsaronta, kuma sai shugaba ya duba ma'aikacin ido da ido kafin a amince, sannan duk shekara ana kai wa NRC adadin waɗanda aka bayar. Son gama aiki a kan lokaci ba ya cikin dalilan. Wani dare an matsa mini in nema wa mutum biyu ita, su ƙarasa haɗa wani famfo da ba ya cikin na'urorin kariya, don kada jadawali ya zame. Na ce a'a, na kuma faɗi dalili a gaban kowa. Ran wasu ya ɓaci. Mutanen suka rubuta inda suka tsaya, suka tafi gida, 'yan dutin safe suka ƙarasa, aikin ya makara da 'yan awoyi. A zagaye na gaba, tun watanni kafin a kashe tukunyar, na nemi a ƙara mana makanikai na ko-ta-kwana a cikin kasafi, kuma na kafa hujja da wannan daren.