Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Auduga da Yunwa a Arkansas, Daga Bakin Iya

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya ne inda na bar ɗakin kwanan ɗalibai a garin Pine Bluff na jihar Arkansas ta ƙasar Amurka, cikin kakar 1978, na kama haya a gidan wata dattijuwa baƙar fata wadda nake ce wa Iya, ita kuma take ce mini "ɗana". Labarin yau nata ne fiye da nawa. Na sa shi cikin tarihina ne domin duk aikin malamin gona da na yi bayan na dawo gida, da idon da ta buɗe mini na yi shi.

Da ta ji ni ɗan ƙasar Funtua ne, kuma mahaifina manomin auduga ne, abu ɗaya ta tambaya: gonar tasa ce? Na ce, "Tasa ce Iya, gadon kakana ce." Ta ce, "To ɗana, ku gode wa Allah. Ubana ya noma auduga har ya koma ga Mahaliccinsa, bai mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasa ba."

Noman kashi-mu-raba suka yi. Mai gona, wanda galibi farar fata ne, shi ke ba da fili da ɗakin katako da alfadari da garma da iri. Magidanci da matarsa da 'ya'yansa su ke yin aikin, tun daga huɗa har tsinka, a raba amfani biyu. Daga lokacin shuka mai gona yake buɗe musu bashi a kantinsa, su ci abinci a rubuta. Sai watan Disamba a zauna lissafi, kuma littafin yana hannun mai gona, shi ya sayar da audugar, shi ya san nawa ta yi, shi ya ɗora ruwa a kan bashin. Baƙar fatan da ya ce a nuna masa lissafi yana wasa da ransa ne. Iya tana ƙarama aka yi kashe-kashen Elaine a 1919, inda aka hallaka baƙaƙen manoma masu yawa don sun haɗa ƙungiya suna neman a yi musu lissafin gaskiya. Wanda ya san yadda falle ke cinye manomi a ƙauyukanmu zai gane abin, sai dai namu mai falle yana kwana a gidansa, gobe ya tafi gonarsa.

Abincin da ke fitowa daga kantin kala uku ne: garin masara, kitsen alade, da maɗin rake. Ana shuka auduga har bakin ƙofa, babu wurin lambu. Shi ya sa ciwon felagira ya yi musu katutu, fatar hannu da wuya ta ƙone ta tsage, ga gudawa, in ya yi nisa ya taɓa hankali.

Haka suke lallaɓawa har 1927, shekarar da kogin Misisifi da rassansa suka fasa datsi, ruwa ya shafe gabashin jihar. Ba su gama farfaɗowa ba tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929. Sai kuma farin 1930. Iya ta ce tun farkon zafi sama ta ɗauke, masara ta ƙone a tsaye, rijiyoyi suka kafe. Audugar da ake sayarwa wajen santi 17 kowace laba a 1929, zuwa 1931 ba ta kai santi 6 ba. A watan Nuwamba na 1930 babban bankin American Exchange na Little Rock ya rufe, ya ja bankunan ƙananan garuruwa da dama suka bi shi. Mai gona ya rasa rance, ya rufe kanti. Wanda ke ƙasa da kowa shi ya fara jin yunwa.

A nan ne zuciyata take tafasa har yau. Shugaba Herbert Hoover ya dage cewa ciyar da mayunwata aikin ƙungiyoyin sa-kai ne, in gwamnatin tarayya ta raba abinci za ta lalatar da mutane. A watan Disamba na 1930 majalisa ta amince da dala miliyan 45 na rancen iri da taki da abincin dabbobi, ba a sa abincin mutum a ciki ba. Ga kuɗin ciyar da alfadari, babu na yaron da ke jan alfadarin. Kuma rance sai da jingina, wanda ba shi da gona me zai jinginar? Sanata Joseph Robinson na Arkansas ya yi ta faɗa a majalisa a kan a ba da kuɗin abinci. Aikin ya rataya a wuyan ƙungiyar agaji ta Red Cross, ita kuma a ƙauyuka kwamitocinta manyan masu gonaki ne suka cika su. Su ke faɗin wa ya cancanta.

Ranar 3 ga Janairu 1931, a wani ƙaramin gari da ake kira England, ba nisa da Pine Bluff, wani manomi farar fata mai suna H. C. Coney ya ɗebi maƙwabtansa a mota suka shiga gari neman abinci. Ofishin agaji ya ce takardun cikewa sun ƙare. Taro ya yi ta ƙaruwa har ɗaruruwa, 'yan kasuwa suka ga ba dama, suka buɗe kantuna suka raba. Ba a zubar da jini ba, amma labarin ya cika jaridun ƙasar. Na tambayi Iya ko mahaifinta ya je. Ta ce a'a, baƙar fata ba ya shiga gari da fushi ya dawo gida lafiya. Su a gida suka jira abin da mai gona ya ga dama ya miƙo.

Franklin Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, kuma gaskiya ce ya motsa. An ɗauki samari aikin dashen itatuwa da gyaran daji, an buɗe ayyukan hanya da gine-gine ana biyan lada. Iya ba ta taɓa yarda a zagi Roosevelt a gabanta ba. Amma a kan auduga, dabarar da aka zo da ita ita ce a rage noma don farashi ya tashi. An riga an yi shuka, don haka a tsakiyar 1933 aka biya manoman kudu su tone auduga wajen eka miliyan 10. A shekarar Iya amarya ce. Ta ce mijinta ya ɗaura garma, alfadarin ya ƙi taka kunya, domin duk rayuwarsa dukansa ake yi in ya taka auduga. Sai da bulala ya shiga, mijin yana ja yana share hawaye.

Farashi ya tashi. To amma kuɗin gwamnati a hannun wa ya sauka? Cek ɗin da sunan mai gona yake zuwa, a kan cewa zai ba masu noma masa rabonsu. Wasu sun bayar. Da yawa suka ce sun cire a bashin kanti, wasu ko maganar ba su tayar ba. Kuma da fili ya ragu sai mai gona ya ga ba ya buƙatar iyalai da yawa: ya kori wasu, ya mai da wasu 'yan ƙwadagon yini, daga baya ya sayi tarakta. Yarjejeniyar da masu gona suka yi da gwamnati ta ce a bar mutane a gonakinsu, amma kwamitin da ke sauraron ƙorafi masu gonakin ne. Lauyoyin ma'aikatar gona a Washinton da suka yi ƙoƙarin tsaya wa talakawan, irin su Jerome Frank, sallamarsu aka yi a farkon 1935.

Talakawa ba su naɗe hannu ba. A watan Yuli na 1934, kusa da garin Tyronza, mutum 18, fararen fata 11 da baƙaƙe 7, suka taru a wata makarantar ƙauye suka kafa ƙungiyar manoma marasa gona ta kudu, da taimakon wasu mazauna garin biyu, H. L. Mitchell da Clay East. A kudancin Amurka na wancan zamani, baƙi da fari su zauna ɗaki ɗaya su yi rantsuwa ɗaya, abu ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko a bi shi da dare. An doki 'yan ƙungiyar, an harbi gidajensu, an watsar da kayansu a bakin hanya. Ƙanen mijin Iya yana cikinsu a can arewa maso gabas, kuma da tabon bulala ya dawo.

Gwamnati ta gwada ba marasa gona fili. A 1934 aka kafa matsugunin Dyess, aka tsugunar da iyalai kusan 500, kowa da gida da fili da alfadari, ya biya sannu a hankali. Fararen fata zalla aka ɗauka. Daga baya aka yi wa baƙaƙe nasu, kamar na Lake View a gundumar Phillips, amma wuraren kaɗan ne ƙwarai idan aka dubi yawan waɗanda aka kora. Iya da mijinta sun rubuta suna, ba a kira su ba.

Bayan na dawo gida na fara aiki, duk lokacin da aka kawo takin rangwame ko rancen noma aka ce a bi ta hannun manyan gari, sai na nemi a kira sunan kowane manomi a bainar jama'a, ya zo da ƙafarsa ya karɓa. Wannan ya jawo mini baƙin jini a wurin wasu, kuma za mu zo kan labarin a nan gaba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka kori su Iya daga gonar a cikin sanyin 1936, da yadda mijinta ya tafi Chicago neman aiki ya bar ta da goyo, har ta kai ga mallakar gidan da na zauna a ciki.